Hadarin da ya taso daga ƙarƙashinmu

A Maska aka haife ni, gidan noma, kuma tun ina ƙarami an san ni da sanin hadari. In mata sun shanya masara a tsakar gida, ni ake kira in leƙa gabas in ce a kwashe ko a bari, kuma ban cika kuskure ba. Da na girma na zama malamin gona a Funtua, abin ya biyo ni har ofis. Abokan aiki kan tambaye ni kafin su hau babur zuwa ƙauye. Yabo yana da daɗi, ni kuwa na sha shi har ya hau mini kai.

Wasu shekaru da suka wuce aka zaɓi mu biyu daga ofishinmu mu je ƙasar Gwatamala, kwas na mako biyu a kan adana masara bayan girbi. Ni da maigidana a wurin aiki, wanda kowa ke ce wa Malam. Shi ya koya mini aiki tun ban san yadda ake yi wa manomi magana ba. Saura masa shekara guda ya yi ritaya, kuma ba shi da zance sai na gonarsa da ke hanyar Dayi. Ya ce ya gaji da nuna wa mutane noma da baki, yana so ya riƙe fartanya da hannunsa kafin ƙarfi ya ƙare. Ni kuwa ɗan Maska yake ce mini, ko a gaban baƙi.

Garin da aka sauke mu a kan duwatsu yake, mutanensa 'yan ƙabilar Maya ne. Akwai sanyi, kuma iskar wurin ba ta cika ƙirji, ka yi taku ashirin ka ji kana haki kamar ka yi huɗa. Ranar kasuwarsu aka ba mu hutu, tafintarmu ta zaga da mu. Na ga kasuwanni, ni da na tashi kusa da kasuwannin hatsi, amma ban taɓa ganin masara kala-kala irin ta wurin ba: fara, ja, rawaya, har da baƙa wuluk. Mata sun sha rigunan saƙa masu ado, tafinta ta ce daga adon ake gane ƙauyen da mace ta fito. Suna ta tafa ƙullin masara a tafin hannu suna gasa wata 'yar gurasa marar kauri. A matakalar coci wasu dattawa na kaɗa turaren wuta. Maza kuma suna wucewa da buhuna a gadon baya, an ɗaure da igiya mai faɗi da ta zagayo goshi. Malam ya daɗe yana kallonsu, ya ce wuyan mutanen nan ba irin namu ba ne.

Wajen wata tsohuwa mai sayar da baƙar masara na tsaya. Na tambaya ta bakin tafinta inda ake noma ta. Ta ɗaga haɓa ta nuna dutsen da ke bayan gari. Ta ce a can sama, in masara ta ƙosa, lanƙwasa karan suke yi goyon ya kalli ƙasa, ya bushe a gona ruwa bai shige shi ba. Abin da ya kawo mu ke nan, ga shi a saman kanmu. Na ce wa Malam mu hau mu gani da idonmu.

Tafinta ta ce a'a. Ta ce rana ta riga ta ɗaga, masu hawa da sassafe suke tashi, da ɗan jagora, su sauko kafin azahar. Tsohuwar ma ta sa baki, ta yi doguwar magana tana kaɗa hannu daga ƙasa zuwa sama. Tafinta ta ce tana cewa ruwa na nan tafe.

Na juya na dubi gabas. Garau take, ko ɗigon gajimare babu. Babu zafin nan da ke dafa mutum kafin ruwa, babu iska, ban ji ƙamshin ƙasa ba. Na yi 'yar dariya.

Malam ya ce, “Ɗan Maska, masu gari sun ce kada a hau.”

Na ce, “Malam, yau ko ɗigo ba za a yi ba. Sama ai ɗaya ce ko'ina. Awa biyu mun je mun dawo.”

“Ka duba da kyau?”

“Malam, yaushe na taɓa sa ka jiƙe?”

Ya dubi takalminsa sau-ciki na zuwa ofis, sannan ya ce to, mu je. Ba son hawan yake ba, na sani. Yarda ce kawai ya yi da ni. Da tafinta ta shiga cinikin wani mayafi, muka zame.

Hawan farko lafiya lau. 'Yar siririyar hanya ce ta jar laka, ta ratsa gonaki da itatuwa dogaye masu ganye kamar tsintsiya. Gonakin a tsaye suke a jikin dutse, har na riƙa mamakin yadda mutum ke noma a nan bai gangara ba. Wake ya nannaɗe karan masara, kabewa ta yaɗu a ƙasa, kamar dai gaurayen da iyayenmu ke yi. Malam yana hawa yana hutawa. Sau biyu ya ce ko mu koma, sau biyu na ce ga shi can mun kusa. Hanyar ta rabu wuri uku ko huɗu, ban damu in riƙe ba, tunda duk inda na waiwaya ina hango rufin cocin a ƙasa.

Mun kai gonar farko mai lanƙwasassun kara, Malam ya tsuguna yana duba wani goyo, sai na waiwaya ban ga gari ba. Wani farin abu ya cika kwarin, yana hawowa wurinmu a hankali, ba iska, ba tsawa, ba ƙara. Na ɗaga kai, sama tana nan shuɗiya. Ni duk rayuwata daga sama nake jiran hadari, daga gabas. Ban taɓa tunanin mutum zai tsaya a wurin da gajimare ke ƙarƙashin ƙafarsa ba. Sai a lokacin na gane abin da hannun tsohuwar nan ke nunawa.

Muka juya za mu sauka, kafin mu yi taku hamsin ya rufe mu. In na miƙa hannu ina ganin yatsuna, amma ba na ganin abin da ya wuce tsawon sanda biyu. Yayyafi ya sauko, mai sanyi kamar ruwan randa da asuba, jar lakar nan ta koma sabulu. Malam ya biyo bayana kawai, kuma da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Ina gaba yana baya. Na ji santsin takalmi, na ji ya ce innalillahi, sannan wani sauti kamar an taka busasshen kara. Ya gangara ƙasan hanya kaɗan, kututturen itace ya tare shi. Da na isa, ƙafarsa ta dama ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Na gwada ɗaga shi, ya riƙe mini hannu da ƙarfi ya ce, “Bari. Cinyar ce.”

Na ciro waya, babu sabis. Na yi kira iya ƙarfina, irin kiran da muke yi wa juna daga gona zuwa gona, hazon ya haɗiye muryar. Na cire rigar sanyina na lulluɓa masa. Cikin ɗan lokaci haƙoransa suka fara haɗuwa, leɓensa ya yi fari. Tsoro ya kama ni sosai, don na san karaya ba ta kashe mutum nan take, amma sanyin nan zai iya, in yamma ta same shi kwance a jiƙe. Kuma ba wanda ya san inda muke, ni na tabbatar da hakan da muka zame.

Ya ce, “Je ka nemo mutane.”

“Malam, in na tafi ba zan gane wurin nan ba.”

“To zauna mu mutu tare, in ya fi maka.”

Can na ji sara, wani na faskare a wani wuri gefen hagu, sama da mu. Tsakanina da saran gonar masara ce, wadda ba ta ƙosa ba, ɗanya shar. Na shiga, duk taku uku na karya kara ɗaya na kwantar, don in gane hanyar dawowa. Ni malamin gona, ɗan manomi, ina karya masarar mutum tana goyo. Ina yi ina jin abin a raina, amma ban daina ba. Saran ya tsaya. Na tsaya ni ma.

Mutum ya fito daga cikin hazon, kusa da ni ƙwarai, gajere, da malafa, da doguwar adda a hannu. Wanda ya san yankinmu a shekarun nan ya san abin da gaban mutum ke yi in ya yi kiciɓis da baƙo da makami a gona. Ƙafafuna suka ce in gudu, saura kaɗan in bi su. Shi kuwa ba ni yake kallo ba, karan da ke hannuna yake kallo, da layin da na kwantar a bayana. Ya fara faɗa da harshensu, yana nuna masarar da bakin addar. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san me yake cewa, don abin da mahaifina zai ce ke nan.

Na durƙusa a cikin lakar. Na nuna cinyata, na kama karan na ɓalle shi biyu, na nuna ƙasa. Na sake yi. Ya tsaya yana dubana, addar tana nan a ɗage. Ban san tsawon lokacin ba. Sannan ya tura ni gaba da bayan hannu, muka bi karyayyun karan. Duk wanda muka wuce sai na ji ya yi tsaki.

Da ya ga Malam, faɗan ya ƙare. Ya tsuguna ya shafa ƙafar, ya sa yatsu a baki ya yi wani irin fito mai tsawo, aka amsa daga nesa. Ya sare rassa biyu ya fere su, ya kwance ɗamararsa ya ɗaure cinyar, kamar yadda masu ɗori ke yi a gida. Wasu maza biyu suka iso, da wata mata ɗauke da kunun masara mai zafi a tulu ƙarami. Ita ta tallafi kan Malam ta ba shi. Suka kawo wata kujerar katako, suka zaunar da shi suka ɗaure, mai gonar ya zura igiyar nan mai faɗi a goshinsa ya miƙe da shi a baya.

Haka aka sauko da Malam, yana kallon baya, suna karɓeɓeniya su uku, ƙafafunsu na kama lakar da ta kayar da mu. Ni ina biye, riƙe da takalminsa ɗaya, fuskarsa tana kallon tawa duk tsawon hanyar. In aka yi gargada sai ya runtse ido ya ciji leɓe. Ban iya haɗa ido da shi ba. Mun shigo gari ana kwashe kasuwa, tafinta na tsaye bakin coci ta yi kuka har ta gaji. Na nemi in ba mai gonar wani abu saboda masararsa, ya ture hannuna, ya nuna mini dutsen, ya kaɗa yatsa a fuskata kamar ana yi wa yaro kashedi, ya juya ya tafi.

An yi wa Malam aiki a babban birninsu, aka sa ƙarfe. Ƙafar ta warke amma ta gajarce, kuma ba ta lanƙwasuwa sosai. Likita ya ce zai yi tafiya da sanda. Maganar sunkuyo a kan kunya kuwa, ya ce a manta da ita.

Da muka dawo Funtua, gidansa ya cika da 'yan sannu. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakin, na shirya abin da zan ce in an tambaya. Ƙanensa ne ya tambaya. Ya ce, “Yaya, me ya kai ka hawan dutse da shekarunka?”

Na buɗe baki, Malam ya riga ni.

“Taurin kaina ne. Masu gari sun hana, yaron nan ma ya hana, na ce sai na ga masarar. Ba don shi ba da a can za a binne ni.”

Bai dube ni ba da ya faɗa. Aka yi ta sa mini albarka. Ina da damar in ce ba haka aka yi ba, amma na sunkuyar da kai na bar shi a haka. Kunya ce ta hana ni, da tsoron idon 'ya'yansa, kuma har yau ban gyara ba.

Da na tashi tafiya, Hajiya matarsa ta biyo ni har zaure, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya daga bayan ƙofa.

Ta ce, “Malam ya gaya mini kai ka tuɓe rigarka ka rufa masa. Yadda ka tsare mini shi, Allah ya ba ka masu tsare ka haka.”

Na ce amin.