Innata, Manjon Madarumfa

Kafin innata, Madarumfa ba ta taɓa ganin mace a kujerar manjo ba, wato mai shugabancin masu jinya a likitar gari, asibitinmu ke nan. Farkon shekarun casa'in aka turo ta daga Maradi. Muka biyo ta, ni da ƙanwata da babanmu, wanda aka ba aji a lakwal, makarantar bokon garin.

Da farko maza ba sa yarda ta yi musu allura. Dattijo zai zo zazzaɓi na kaɗa shi, ya leƙa ya gan ta cikin farar riga, ya ce a kira masa manjo.

"Baba, ai ni ce," in ji ta.

Sai ya sa takalmansa ya juya. Ba ta taɓa ja da kowa ba. Ta koyi tuƙin mobilet, ɗan ƙaramin babur, a filin bayan gidanmu, ta sha faɗuwa muna dariya, sannan ta fara shiga ƙauyuka, na Musulmi da na masu bin addinin kakanni. Duk ruwan da aka miƙo mata sha take yi. Mata suka fara sabawa da ita, daga baya mazan da kansu suke naɗe hannun riga. Masunta na aiko mana da kifin tafki ba tare da an faɗi dalili ba.

Sai bazarar da sanƙarau ya shigo ƙasar. Aka kawo allurar rigakafi, ba ta isa kowa ba, aka ce a fara da ƙauyukan da ciwon ya fi tsanani. Inna ba ta cire ko ɗaya don gidanta ba. Ta ce layin gari na zuwa, mu ma za mu bi.

Ranar da za ta tafi rigakafi ƙauyukan wajen garin Sarkin Yamma, ƙanwata ta tashi da ciwon kai. Inna ta dafa goshinta. Motar likita na jira a ƙofa.

"Zafin gari ne, auta. Sha ruwa ki kwanta, gobe ina nan."

Kafin la'asar wuyan yarinyar ya sage. Baba ya saɓa ta a kafaɗa zuwa likita, mataimakan Inna suka yi iya ƙoƙarinsu. An aika mutum a kan babur, amma ayarin su Inna ya riga ya wuce wani ƙauye, kuma ba wanda ya san wanne. Washegari da hantsi Inna ta iso, ta tarar da tabarmin makoki a ƙofar gida.

Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gadonmu, farar rigar na jikinta. Da na shigo, ta jawo ni ta tallabi ƙeyata, ta sunkuyar da kaina, ta ɗaga, ta sake sunkuyarwa. Duba ni take yi.

Bayan addu'ar uku ta koma aiki. Wasu suka ce ba ta da zuciya. Gwaggona ta faɗa mata a fuska.

"Yaya, akwai yara kwance a can," Inna ta ce, ta fita.

Baba bai taɓa zarginta ba, amma hira ta mutu a tsakaninsu. Sai sallama da maganar cefane.

Ta ƙara shekaru a Madarumfa. Ta horar da ƴan mata da dama, wasu sun zama manjo a garuruwansu. Da aka so mayar da ita Maradi da ƙarin girma, ta ƙi. Ba ta faɗi dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba, don maƙabartar da ƙanwata take kwance ba ta da nisa da likita. A nan ta yi ritaya, a nan kuma ta rasu.