Naman Kazar da Ba Mu Ci Ba

Shekarun baya, ina kwalejin horon malamai, na koma hutu gida Fulatan, a ƙasar Rogo, na tarar da ƙanwata tana ɗingishi. Wani ƙullutu ne ya fito mata a ƙwauri, ga wasu ƙanana kamar tsakuwa a goshi da kafaɗa. Ba tari, ba wani zazzaɓin kirki. A asibitin Ƙaraye aka ce maruru ne, aka tsaga, ya sake cikowa. Da muka dangana da Kano aka ɗauki hoton ƙafar, likita ya rage murya ya ce yana tsoron daji ne ya kama ƙashi. In shi ne, sai an yanke. Ya ɗebi ɗan nama ya aika gwaji.

Ni da ake wa kallon mai ilimin gidan, kuka kawai na iya. Ita kuwa cewa ta yi, "Adda, in an yanke, ai ba mai sake cina a 'yar gala-gala."

Ranar da sakamako ya fito, tun daga ƙofa likitan yake dariya. Ya dubi mahaifiyata. "Mama, albishirinki! Ba daji ba ne!" Ya faɗi dogon suna, histoplasmosis, ya ce yawanci huhu yake kamawa, amma irin na ƙasarmu yakan ɓulla a fata da ƙashi. Don mahaifiyata ta gane, ya ce ƙwayar dangin naman kaza ce, wanda ke tsirowa da damina.

Inna ba ta ji ƙarshen ba. Ta dafe ƙirji. "Likita, wallahi rabonmu da naman kaza tun Sallah!"

Na yi dariya har na durƙusa, hawaye na zuba. Da muka nutsu, likitan ya ce ba ci ake yi ba, shaƙa ake yi, daga ƙasar da kashin tsuntsaye ko na jemage ya daɗe a ciki. Muka dubi juna. Akwai tsohuwar kuka mai kogo a bayan gidanmu, cike da jemagu. Ni nakan zauna nesa ina rubuta wa kukar waƙa. Ƙanwata kuwa shiga take ta kwaso taki don 'yar gonarta ta yakuwa.

Ta daɗe a gado ana yi mata ƙarin ruwa mai launin rawaya, mai sa ta rawar sanyi. Amma da ƙafafunta biyu ta sauko daga mota a Rogo, ta ƙi yarda a riƙe ta.

Tun daga nan, in na ga ciwo ya ƙi jin magani a jikin yaro, nakan ce a je a gwada kafin a sa masa suna. Har yau in damina ta sauka, naman kaza ya buɗe 'yar lemarsa a gindin rumbu, sai ƙanwata ta nuna shi da ƙafar nan ta ce, "Inna, ga ɗan'uwan maƙiyina."