Baraden da Clive Bai Yi wa Fenti Ba

Clive Hallam ya yi shekara talatin da huɗu yana tuƙa bas a Nottingham. Ƙato ne mai manyan hannuwa, in ya riƙe kofin shayi sai kofin ya ɓace a tafinsa. Bai taɓa aure ba. Da ya yi ritaya sai ranaku suka yi masa tsawo, ba abin yi sai talabijin da ɗan lambun bayan gida.

Yayansa Roderick ya rasu a watan Fabrairu, can Derby inda ya ƙare rayuwarsa. Ba su cika shiri ba, don Clive ya daɗe yana yi masa tsiya, wai ga mutum da furfura yana wasa da 'yartsana. Da ya je kwashe kayan marigayin sai ya tarar da akwatin katako a ƙarƙashin gado. Baraden wasa arba'in ne a ciki bisa dawakinsu, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba. Sulke na ƙyalli, garkuwoyi shuɗi da fari, har jijiyar wuyan doki ana gani. Clive ya zauna a bakin gado, ya daɗe yana jujjuya ɗaya a hannunsa.

Ran wata Asabar ya ɗauki akwatin zuwa zauren wani coci a Beeston, inda masu wasan yaƙi a kan tebur ke haɗuwa. Niyyarsa ya tambaya ko akwai mai so. Yana buɗewa mutane suka ajiye 'ya'yan ludo da tef ɗin awo, suka kewaye shi. Maureen Oldknow, matar da ke riƙe da ƙungiyar, ta ɗaga barde ɗaya zuwa haske.

"Kai! Da waɗannan hannuwan naka kamar shebur ka yi wannan?"

Aka kwashe da dariya. A nan ya kamata ya ce ba shi ba ne. Amma rabon da mutane su kewaye shi haka tun ranar walimar ritayarsa. Sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Haƙuri ne kawai."

Daga nan maganar ta fi ƙarfinsa. Ya koyi wasan, ya samu abokai, ana kiransa gwani. Da bazara aka ba shi ɗan kofi na wanda ya fi kowa iya fenti, ya karɓa ana tafi. A ɓoye ya sayo baraden roba da fenti ya gwada a kicin ɗinsa. Suka fito kamar an tsoma su a kunu. Ya zuba su a aljihun tebur ya rufe.

Ana nan sai Maureen ta ce an samu sababbi shida a ƙungiyar, tana so ya koya musu fenti.

"Yatsuna na ciwo kwanan nan," in ji shi.

"Haba Clive, barde ɗaya tak. Ko rowar ilimi za ka yi mana?"

Ranar ta zo. Sababbin suka zauna kowa da burushinsa. Can baya akwai wani tsoho siriri mai sanda, Bernard Pickard, wanda ya komo Beeston wajen 'yarsa, ranar ce zuwansa na farko. Clive ya ɗauki barden roba, ya tsoma burushi cikin fenti ruwan azurfa har wuya, ya shafa. Fentin ya ƙi kama robar, ya gangaro ya taru a fuskar barden ya toshe ta.

Nasreen, wata ma'aikaciyar asibiti cikin sababbin, ta ce, "Ba a ɗan sa masa ruwa ne? Na ɗauka ana sawa."

"Kowa da yadda yake yi," in ji Clive. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Ta gefen ido ya ga tsohon nan ya ɗauki ɗaya daga baraden akwatin, ya kifa shi, ya dubi ƙasansa, ya mayar a hankali. Sannan ya dogaro sandarsa ya iso teburin.

"Hannunsa na rawa yau, ku yi masa uzuri. Kawo in taya ka, abokina."

Bernard ya ɗauki wani barden da aka riga aka fesa wa baƙin fenti. Ya ce sai an yi wannan shimfiɗar tukuna, in ba haka ba komai zamewa zai yi. Ya ɗiga ruwa a fenti har ya koma kamar madara, ya ce gara a shafa siriri sau biyu da a laɓta mai kauri sau ɗaya. Ya nuna musu bakin burushi kaɗai ake tsomawa, a kuma haɗa gindin hannuwa biyu don kada su yi rawa. Da ya zo kan sulke, ya goge burushin a takarda har ya kusa bushewa, ya bi a kai sama-sama, sai ga ƙarfe ya fito. Duk abin da ya faɗa sai ya waiwayo ya ce, "Ko ba haka ba, Clive?" Clive kuwa sai gyaɗa kai. Da ma tsohon ya tona shi a gaban kowa, da ya fi masa sauƙi.

Wajen shan shayi Bernard ya matso kusa da shi, ya yi ƙasa da murya.

"Roderick yakan sa ɗigo ja uku a ƙasan kowane bardensa. Shekara ashirin muna tebur ɗaya da shi. Kai ne ƙanen nan direban bas ko? Kullum sai ya yi zancenka."

"Me yake cewa?"

"Wai wata rana zai jawo ka wasan nan, ko da ƙarfi ne."

Clive ya ajiye kofinsa. Ya tafi tsakiyar zaure, ya buga tebur, ya faɗi komai: baraden na yayansa ne, shi ko ɗaya bai yi ba. Wani ya yi tsaki. Maureen ta dube shi ta ce, "Wata bakwai, Clive. Ni da hannuna na miƙa maka kofin nan."

Kashegari ya kai kofin ƙofar gidanta ya ajiye, bai ƙwanƙwasa ba. Mako uku bai leƙa zauren ba. A na huɗu ya shigo ta ƙofar gefe, ya ja kujera cikin sababbi. Wasu daga tsofaffin abokansa ba su sake gayyatarsa teburinsu ba, kuma bai ga laifinsu ba. Maureen tana gaishe shi, shi ne dai har yanzu ba ya iya haɗa ido da ita.

Bardensa na farko ya ci mako biyar. Nasreen ta ɗaga shi ta duba da kyau.

"Mahayin ba laifi. Amma wannan doki ne ko akuya?"

"Doki ne," in ji Clive, kunnuwansa sun yi ja. "Miƙo mini fenti ruwan ƙasan nan in sake bi."