Rubu'in Abu Faisal

Ranaku da yawa na wannan aiki sun shige mini, amma ban taɓa mantawa da wata Talata ta ƙarshen sanyi ba, lokacin ina mai karɓar kaya a magsalarmu, wato gidan wankinmu da ke unguwar Shisha a Makka. Ku da kuka zo daga baya kuna yi mini dariya idan kun ga na daɗe a kan riga ɗaya. Bari ku ji dalili.

Ga wanda bai san tsarin ba, mu uku ne a wurin. Mai karɓa yana gaba, shi ke duba aljihu, ya maƙala lamba, ya ware fari da mai launi. Mai inji yana ciki, sannan mai guga. Abin da aka tsinta a aljihu ana sa shi a ambulan da lambar kayan. Mai wurin, Mu'allim Bukari, haifaffen unguwar Hindawiyya, ya kafa doka tun ranar da biro ya fashe a inji ya ɓata fararen riguna: duk abin da ya wuce hannun mai karɓa ya shiga inji, mai karɓa ya nemi wani aiki. Ni kuwa da wannan aikin nake riƙe iyalina.

Da hantsi Abu Faisal ya kawo farwa, wato babbar rigar nan mai gashi a ciki da ake sawa don sanyin daji. Tsohon mai hulɗa da mu ne, kakansa daga Sakkwato ya zo, kuma yana da garken tumaki a bayan gari, ta hanyar Ɗa'ifa. Bayan azahar sai ya bugo waya.

"Ya Haruna, na bar rubu'i a farwar nan. Ka ajiye mini, kada kowa ya taɓa. Ina zuwa bayan la'asar."

Na ce, "Rubu'i kawai, Ammi?" Haka muke kiran dattawa a nan, wato baffa.

"Rubu'i kawai. Da nussi ne ai da ka ji nauyinsa."

Ya yi dariya, ni ma na yi, ba don na gane ba. A sanina rubu'i shi ne kwata na riyal, ɗan kwabon da ko ruwa ba ya saya, nussi kuma rabin riyal. Na yi mamakin attajiri da ke buga waya saboda shi, amma amana ba ta da ƙarama. Na laluba aljihun dama da na hagu har lungu, babu komai. Na share ƙarƙashin kanta, na ɗaga tabarma. Hankalina ya tashi, ina cewa ko a hannuna ya faɗi. Daga ƙarshe na ciro rubu'i daga aljihuna na sa a ambulan, da niyyar in gaya masa ba nasa ba ne, don kada in ci amana ko da ta musanya. Farwar kuma na jefa ta kwandon Idi mai inji.

Da Abu Faisal ya zo na miƙa masa ambulan da hannu biyu. Ya buɗe, ya kalli kwabon, ya kalle ni.

"Wannan mene ne, ya shehi?"

"Rubu'inka. Gaskiya naka ban gan shi ba, wannan nawa ne."

Bai yi dariya ba. A hankali ya ce, "Ina farwar?"

Muka shiga ciki. Idi ya buɗe ƙofar babban injin nan mai juyawa da zafi, ya riga ya sa barguna biyu, farwar tana kafaɗarsa. Abu Faisal ya karɓa, ya sa hannu cikin gashin, can ta ƙarƙashin hammata inda tela ya yi wani ɓoyayyen aljihu, ya ciro bindiga.

Ban taɓa ganin bindiga kusa haka ba, kuma ban zaci akwai mai ƙanƙantar wannan ba. Ba ta kai tafin hannuna ba. Baƙa ce, gefenta ya goge saboda riƙo, kamar tsohon makulli. Da a titi na gan ta, da na ce ta wasan yara ce. Ya zare gidan harsashi, ya nuna mana, cike yake. Ya ce a nan ƙasar ƙaramar ita ake kira rubu'i, wadda ta fi ta kuma nussi. Yana da lasisi, saboda ɓarayin tumaki da karnukan daji yake riƙe ta.

Idi ya dubi injin ya ce, "To da yau an wanke ni tare da barguna."

Na ce, "Ammi, ka yi haƙuri, na ji malamai suna hana yawo da makami a Makka ba bisa larura ba."

Ya ce, "Na sani. A garke take kwana, mantuwa ce. Maganar nan ta tsaya tsakaninmu mu uku, ba sai Bukari ya ji ba."

Idi ma ya ce in yi shiru, tunda babu abin da ya faru. Amma na yi sallar magariba ban san abin da na karanta ba. Da Mu'allim ya zo rufe wuri, na gaya masa komai, har da kwabon. Na ce farwar ta wuce hannuna, doka kuwa na san ta.

Ya dubi injin ya ce, "Ta shiga?"

"Ba ta shiga ba, Mu'allim. Saura kaɗan."

"Ni dokata a kan abin da ya shiga ce. Gobe ka zo da wuri. Wanda zai biya rubu'in da bai ɓatar ba, ba na korar sa."

Abin da na koya bai tsaya ga kalmar ba. Na duba farwar nan sosai, amma kwabo nake nema, shi ya sa yatsuna suka tsaya inda kwabo ke zama. Mutanenmu ba sa yi mana ƙarya, sai dai kowa da yadda yake kiran abinsa, wani da Hausa, wani da Larabcin gidansu. Saboda haka ku saurari mai kaya da ladabi, sannan ku bi rigar da hannu daga wuya har ƙasa kamar bai gaya muku komai ba. Akwai mutum a tsaye gaban injin.