Kwamfutar Malam da Geron Bara

Shekarar da ruwa ya ɗauke mana a Isa gero na da ciki, maigidana yana haɗa kwamfuta a ɗakinsa. Malamin firamare ne, mai haƙuri da yara, marar haƙuri da farashi. Ya ce ta kanti ta yi tsada, shi zai haɗa tasa da hannunsa. Akwatin ƙarfenta ne ya fara isowa a motar Sakkwato, sai fanka, sai wani koren allo da aka hana ni yin shara kusa da shi. Duk ƙarshen wata sai an ƙaro wani abu an ɗaure da sukundireba.

Abu ɗaya ya rage, wani siririn yanki da ake kira ram, wanda in babu shi na'urar ba ta tashi. Duk sanda Malam ya tara kuɗinsa sai ya tarar farashin ya yi gaba. Daga nan ya ƙulla gaba da kamfanonin da ke ƙera kayan, mutanen da ba su ma san yana duniya ba.

Wata rana ya zo min da bayani. Wai akwai hanya a waya da mutum zai zuba kuɗi a kan cewa hannun jarin kamfanonin nan zai faɗi. In ya faɗi ka ci riba, in ya hau kuɗinka sun tafi. Ya yi min misali da abin da na sani: ka ari hatsi da bazara ka sayar da tsada, kaka ta yi ka sayo da araha ka mayar.

"Komi na da kakatai," in ji shi.

Jarin kuwa daga rumbunmu ya fito. Ya kai geron bara kasuwa, da niyyar in kaka ta yi ya sake cika rumbun da araha. Na tsaya ina kallon abincin 'ya'yana yana fita a amalanke, tsoro ya cika ni.

Inna, mahaifiyarsa, ta zo daga Tozai. Ta leƙa rumbu, sannan ta zauna ta saurari bayanin har ƙarshe.

"Ni ban san kamhwani ba," ta ce. "Amma wa yac ce maka bana akwai kaka?"

"Inna, lissahi na."

"Caca ta dai."

Ruwa bai dawo ba. Gero ya bushe a tsaye. A kasuwa tiya ta hau, a waya ma hannun jarin ya hau, kuɗin suka narke Malam na kallo. Koko ya tsinke, na fara auna tuwo. Yaran suka daina neman ƙari, abin da ya fi komai ci min rai ke nan.

Ana cikin haka wani abokinsa ɗan Sabon Birni, mai kai kaya Maraɗi, ya biyo ta gidan ya ga na'urar. Ya ce kayan nan sun yi wuya yanzu, ya taya su fiye da yadda Malam ya sayo. Malam ya ɗauko sukundireban nan ya kwance komai, yana mayar da kowane yanki cikin ledarsa, domin bai taɓa yar da ko ɗaya ba. Ba a kunna kwamfutar nan ko sau ɗaya ba. Tsadar da ya zuba geronmu a kan za ta faɗi, ita ta sayo mana hatsin da ya kai mu damina.

Da aka sauke buhunan, ya dube ni ya ce, "Kin gani ko? Sai da nic ce miki kayan ga na da daraja."

Bai taɓa faɗa ba, amma na ƙyale shi. Ya shiga ɗaki ya zauna gaban akwatin ƙarfen, wanda abokin nasa ya ce ba ya so. Ya daɗe a wurin yana juya sukundireba a hannu. Tausayinsa ya kama ni. Na tuƙa tuwo na kai masa, ranar ban auna ba.