Hannun Korbinian

Kowa a ƙauyen nan na Bavariya, a ƙasar Jamus, ya san Korbinian kafinta, kuma kowa ya san kujerarsa a mashayar Resi: kusa da murhu, a teburin tsofaffi. Duk Lahadi in an fito daga coci can yake nufa, ya nemi baƙar giyar alkama, ba ya ƙara komai a kai.

A teburin nan ba a zuba wa namiji giya. Resi takan ajiye kwalba da dogon kofin gilashi ta yi gaba abinta. Baƙo kaɗai ake zuba wa. Korbinian kuwa gwani ne, sai ka rantse don wannan aka halicce shi. Ya karkata kofi, ya tsiyaya a hankali, in saura kaɗan ya jujjuya kwalbar don yis ɗin da ya kwanta a gindi ya tashi, sannan ya juye a kan kumfa. Sai ya kai hanci tukuna.

"Ayaba da kanumfari," in ji shi, "da ɓawon burodi a bayansu. Wanda ya bar yis a kwalba ruwa ya sha."

To, tsufa ba ta da kunya. Hannun da ya ɗora rufin rabin gidajen ƙauyen ya fara rawa. Wata Lahadi kwalba ta daki bakin kofi, kumfa ta malale har kan wandon Wastl, abokinsa tun ƙuruciya. Resi ta taho da tsumma, cikin tausayi ta ce, "Bari in zuba maka wata, Baba."

Wannan tausayin ne ya kashe shi. Ya ɗauki hularsa ya fita, kuma bai sake leƙowa ba har kaka ta yi, ganyen bishiyoyi ya zube. In ya koma, za a zuba masa kamar baƙo a teburin da ya tsufa a kai, shi kuwa ya gwammace ya haƙura da giyar.

Wastl ne ya tare shi a ƙofar coci.

"Kai tsohon banza, wandona ya bushe tuni. Wuce mu tafi."

Ya bi shi ba don yana so ba. Resi ta ajiye kwalabe. Wastl ya jawo kofin Korbinian ya fara tsiyayawa, kunya ta rufe tsohon. Amma da saura kaɗan sai Wastl ya tsaya, ya danƙa masa kwalbar.

"Ungo, tayar mana da yis. Wannan hannun naka da ba ya zama wuri ɗaya, ai gara ya yi aiki."

Korbinian ya riƙe. Hannun ya yi rawarsa, yis ya tashi tas, ya juye da kansa. Duhun giyar ya gauraye, ƙanshi ya bugi hanci. Kafin ya ɗaga kai, Wastl ya turo tasa kwalbar, na kusa da shi ma ya turo, har ta ƙarshen tebur ta iso gabansa.

Da ya gama da su duka aka gwara kofuna da juna ta gindi, inda gilashin ya fi kauri. Korbinian ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Yaya?" in ji Wastl.

"Ba ka iya tsiyaya ba har yanzu," in ji Korbinian. "Lahadi mai zuwa ka ƙara karkata kofin."