Fassarar Digirin Alhusaini

Shekara ashirin Malam Nata'ala ya yi a Alƙahira yana fassara takardun ɗalibai daga Larabci zuwa Turanci. A 1982 wasiƙa ta zo masa daga Alhusaini, abokin karatun ɗansa marigayi Habu. Za a tabbatar da shi alƙalin Babbar Kotun Tarayya a Legas, fassarar digirinsa kawai ake jira.

Takardar digirin da ya haɗo da wasiƙar ta kwana tara a aljihun tebur.

"Malam, ba yaron nan ya kashe mana Habu ba," in ji matarsa Kulu.

"Kullum Habu ne a gabansa a aji," in ji Malam.

Washegari ya fassara ta daidai. Inda aka rubuta sakamako "maƙbul", wato tsallakewa da ƙyar, sai da ya ja wa kalmar layi kafin ya buga hatimi.